Tsirrai da Sharar Gona Wajen Gyaran Ƙasar da Ƙarafa Masu Guba Suka Ɓata: Misali Daga Garwa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tana cikin jerin waɗanda ake shirya wa ɗalibai domin su saba da karanta bayanin kimiyya da Hausa, su kuma ga irin tuntuɓen da mai fassara yake yi idan ya shiga wannan fage. Batunta shi ne dabarar amfani da tsirrai da sharar gona, irin su ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da karan auduga, wajen gyara ƙasar da dalma ko wani ƙarfe mai guba ya ɓata. An ɗauki Garwa a matsayin misali. Ita ce babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, tana bakin kogin Binuwai, kuma cibiya ce ta noman auduga, don haka sharar gona ba ta yanke mata. Akwai kuma dalili na harshe. A Garwa Faransanci ne harshen ofis, Fulatanci ne harshen kasuwa, ga kuma Hausa a bakin jikokin fatake da mahauta da malamai da suka zauna can tun ƙarni na 19. Ke nan duk shawarar da malamin gona zai bayar sai ta ratsa harsuna biyu ko uku kafin ta isa kunnen mai lambu. Idan aka yi kuskuren aikatau guda a hanya, mutum yana iya shuka alayyafo a wurin da bai kamata ba, ya kai kasuwa da zuciya ɗaya.

2.0 Wane Ƙarfe, Kuma Daga Ina?

Bahaushe idan ya ji an ce ƙarfe, abin da yake fara zuwa masa shi ne abin da maƙeri yake dukawa. Masana kimiyya kuwa sun faɗaɗa kalmar, ta haɗa da dalma, wadda wasu ke cewa darma, da tagulla da tutiya da zaiba, wadda ruwa-ruwa ce, da wasu da ba mu da sunansu sai na aro, wato kadmiyom da kuromiyom. Akan jera arsanik tare da su, ko da yake shi ba cikakken ƙarfe ba ne. Wasu masu fassara sukan ce "ƙarafa masu nauyi", bin lafazin Turawa. A ganina "ƙarafa masu guba" ya fi, domin nauyin bai dami manomi ba.

Abin da ya raba waɗannan da sauran ƙazanta shi ne ba sa ruɓewa. Kashin shanu yana ruɓewa ya zama taki. Man fetur da maganin ƙwari ma, komai daɗewa, ƙananan halittun cikin ƙasa suna wargaza su. Dalma kuwa ko an ƙona ta, ko an binne ta shekara ɗari, tana nan a matsayinta na dalma. Iyakar abin da ɗan Adam zai iya yi shi ne ya sauya mata wuri, ko ya sauya mata kama yadda ba za ta narke a ruwa ba. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan ya dogara.

A birni irin Garwa hanyoyin shigar ƙarafa cikin ƙasa sanannu ne. Akwai masu fasa tsofaffin baturan mota su narka dalmar ciki, da baƙin man gareji da ake zubarwa a kwata, da tsohon fenti. Akwai ƙurar gefen manyan hanyoyi, domin sai a farkon 2006 ne ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma, kuma abin da ya zuba kafin nan bai tafi ko'ina ba. Sannan akwai takin juji. Masu lambu daga Kano har bakin Binuwai sun daɗe suna kwasar sharar gari suna kaiwa gona, kuma a da wannan dabara ce mai kyau, lokacin da juji toka ne da kashin awaki da ƙaiƙayi. Jujin yau yana ɗauke da baturan tocila da ɓaraguzan wayar hannu. A garuruwan da ake jima ta zamani, kamar unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa a Kano, kuromiyom ne yake bin ruwan majema, abin da jimar gargajiya da ake yi da bagaruwa ba ta sani ba. A karkara kuma akwai haƙar zinariya. Ana yin ta a Mayo Rai, kudu maso gabas da Garwa, ana kuma yin ta sosai a Betare-Oya da Baturi a Yankin Gabas, inda aka tabbatar ana kama zinariya da zaiba. Hatta takin zamani ba ya rasa nasa laifi, domin dutsen fosfat na wasu ƙasashe, irin na Togo da Senegal, yana zuwa da kadmiyom a jikinsa.

Wanda yake son ya san iyakar ɓarnar sai ya dubi Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Dutsen zinariyar da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. A wasu wurare an auna dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo guda na ƙasa, wato kashi goma cikin ɗari, alhali iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yarda da ita a filin wasan yara a lokacin miligiram 400 ce, kafin ta mayar da ita 200 a 2024. Abin lura a nan shi ne yadda aka yi gyaran. Ba a shuka komai ba. An kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya da shebur, kimanin santimita 5, aka kwashe aka binne a ramukan da aka tanada, aka zuba sabuwar ƙasa. Haka aka yi a Bagega a 2013, haka kuma aka yi a Shikira ta Jihar Neja bayan irin wannan annoba ta ɓulla can a 2015.

3.0 Tsirrai Masu Tsotsar Ƙarfe

Kankare ƙasa yana da tsada, kuma ba ya yiwuwa a gona mai faɗi. Wannan ya sa tun a 1983 wani masanin aikin gona na Amurka, Rufus Chaney, ya kawo shawarar a bar tsiro ya yi aikin: a shuka shi, ya ja ƙarfen ta saiwa zuwa ganye, a girbe, a kwashe. Tunanin yana da tushe. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya an samu wata bishiya da kusan rubu'in busasshen ƙaronta ƙarfen nikel ne. A 2001 kuma Lena Ma da abokan aikinta a Jami'ar Florida suka nuna cewa wani tsiro mai son damshi, Pteris vittata, yana tara arsanik a ganyensa fiye da yadda yake a ƙasar da ya fito. Sai dai irin waɗannan tsirrai kowanne da ƙarfensa, yawancinsu ƙanana ne masu jinkirin girma, kuma ba na ƙasarmu ba ne. Shi ya sa masu bincike a Afirka suka fi karkata ga amfanin gona mai yawan kara da ganye, kamar masara da dawa da rama da zurma, da fatan yawan jiki zai cike gurbin ƙarancin tsotsa.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya ɗauki alƙalami, domin lissafi ne yake raba gardama. Hekta guda, idan aka ɗauki zurfin santimita 20 da garma take juyawa, tana da ƙasa kimanin tan 3,000. Mu ƙaddara kowane kilo yana da dalma miligiram 400. Jimilla kilo 1,200 ke nan na dalma a hektar. Mu sake ƙaddarawa an shuka abin da ya ba da busasshen kara da ganye tan 10, kowane kilo ya tara dalma miligiram 100, wanda kyautata zato ne ƙwarai, domin dalma ta fi maƙalewa a saiwa. Abin da aka fitar a girbi guda kilo 1 ne tak. Kafin a rage rabin dalmar sai an yi girbi 600. Ko jikan jikan mai gonar ba zai gani ba.

Da kadmiyom lissafin ya sha bamban, saboda kaɗan ne yake ɓata gona, kuma yana saurin hawa ganye. Idan ƙasa tana da miligiram 2 a kilo, hektar tana da kilo 6. Tsiron da ya tara miligiram 20 a kilo, a tan 10, zai fitar da giram 200 a girbi. Cikin girbi 15 zuwa 20 ana iya rage rabi. Wannan abu ne mai yiwuwa, amma shekaru ne da manomi zai yi yana noma abin da ba zai ci ba, ba zai sayar ba. Japan ma, da ta sha fama da kadmiyom a gonakin shinkafar kogin Jinzu, inda gwamnati ta amince a 1968 cewa shi ne sanadin ciwon ƙashin da ake kira itai-itai, sauya ƙasar gonakin ta yi, aikin da bai ƙare ba sai a 2012.

Yanayin ƙasar Arewacin Kamaru yana ƙara jinkirta tsotsar. Baƙar ƙasar laka da Fulani suke kira karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta bayan damina, ba ta da tsami, kuma laka tana riƙe ƙarfe gam. Jigawar da ke kewaye da Garwa ce, mai yashi da ɗan tsami, take sakin ƙarfe cikin sauƙi. Ke nan inda tsiro zai fi iya tsotsa, nan ne kuma kayan miya suka fi zama abin tsoro.

Akwai matsalar da ta fi jinkiri muni, wato wa zai ci abin da aka shuka. A takardar ɗakin gwaji rama tsiro ne mai saurin girma da jure kadmiyom. A Garwa kuwa rama, wadda Fulani ke kira gabayji, miya ce, kamar yakuwa da suke kira follere. Babu yadda za a shuka hekta guda ta rama a bakin gari a ce mata ba za su tsinki ganye ba. Karan dawa da na masara abincin shanu ne da rani. Abin da shanu suka bari akan ƙona shi, a tace tokar a samu ruwan toka na miya, wanda ake kira cukkuri da Fulatanci. Ƙonawa kuwa ba ta kashe ƙarfe, tattara shi take yi, yadda abin da ya bazu a dami guda na kara zai koma cikin 'yar toka tafin hannu. Ƙa'idar abinci ta duniya ta kayyade dalma a ganyen miya kada ta wuce miligiram 0.3 a kilo, kadmiyom kuma 0.2. A gwada wannan da miligiram 20 da muke fatan tsiron gyara ya tara.

Saboda haka tsirran da suka dace da ƙasa mai guba su ne waɗanda ba a ci. Zurma da bini-da-zugu suna cikinsu, dabbobi ma ba sa kula su. Jema, wadda ake saƙa da ita, tana da saiwa mai yawa da zurfi, kuma an yi bincike mai yawa a kan 'yar'uwarta ta Indiya. Ba ta kai ƙarfe ganye sosai, amma tana kafe ƙasa ta hana ruwa da iska kwashe ta zuwa gonar maƙwabci ko cikin kogi. Auduga ma tana jure ƙarfe, kuma abin da yake shiga zarenta kaɗan ne. Sai dai a tuna cewa a wannan yanki angurya ba shara ba ce: daga ita ake tatsar man girki na Diamaor, tunkuzarta kuma ta tafi ga shanu. Idan za a noma auduga a gurɓatacciyar ƙasa, dole a auna anguryar kafin ta shiga matatsa.

4.0 Sharar Gona: Ɗaure Guba a Inda Take

Hanya ta biyu ba ta neman fitar da ƙarfen. Manufarta a ɗaure shi a cikin ƙasa, ya kasa narkewa, saiwa ta kasa jansa. A ra'ayina wannan ita ce ta fi dacewa da mai lambun bakin Binuwai, domin kayan aikinta suna kusa da shi. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, ya sayi auduga fiye da tan 300,000 a kakar 2019/2020, kuma bayan tsinka akan tuge karan a ƙone shi don a katse zuriyar tsutsa. A gonakin ban ruwa na ƙasan madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, da na Yaguwa a Arewa Mai Nisa, ana sussukar shinkafa, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Ga ɓawon gyaɗa, ga totuwar masara.

Ana iya zuba waɗannan a ƙasa yadda suke, ko a ruɓar da su su zama taki, kuma suna ɗan riƙe ƙarfe. Amma da sun gama ruɓewa sai su sake shi. Abin da ya fi ƙarko shi ne a mayar da su gawayi. Na kira shi "gawayin gona" don a bambanta shi da na girki, ko da yake asalinsu ɗaya: a gasa kara ko ɓawo da zafi mai yawa, tsakanin digiri 300 zuwa 700, ba tare da isasshiyar iska ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, a kunna wuta a ƙasa, a riƙa zuba kara kaɗan-kaɗan, duk sanda na ƙasa ya fara yin farar toka sai a rufe shi da sabo. Harshen wutar da ke sama shi yake cinye iskar. In ramin ya cika sai a kashe da ruwa, a daka, a cakuɗa da taki. A Kamaru har an fara yin sa a masana'anta: a 2022 kamfanin NetZero ya buɗe wata a Nkongsamba da ke kudu, inda ake gasa ɓawon kofi, ko da yake manufarsu ƙarin albarkar ƙasa ce da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Yadda gawayin yake aiki ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa shiga madafa. Mace idan miyar yakuwa ta yi mata tsami sai ta jefa 'yar kanwa. Gawayin gona yana da halin kanwa, yana kashe tsamin ƙasa, kuma dalma da kadmiyom da tutiya ba sa narkewa sosai inda babu tsami. Bugu da ƙari, jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ƙarfe yake maƙalewa a cikinsu. Gawayi kuma ba ya saurin ruɓewa. A dajin Amazon akwai baƙar ƙasa da mutanen da suka zuba wa gawayi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har yau yana nan. Ga dalma musamman akwai abin da ya fi kara, wato ƙashi. Fosfat ɗin da ke cikin ƙashi yana haɗuwa da dalma su zama wani irin dutse da ba ya narkewa. A 2011 an gwada wannan da niƙaƙƙen ƙashin kifi a wata unguwa ta birnin Oakland a Amurka. Garin da ake yanka shanu kullum kamar Garwa ba zai rasa ƙashi ba.

Nan ma sai an yi lissafi. A gwaje-gwaje akan zuba gawayi daga kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin ƙasa. Kashi 1 na tan 3,000 shi ne tan 30 a hekta, kuma samun wannan yana bukatar kara ko ɓawo da ya kai tan 100. Babu ƙaramin manomin da zai iya, balle ma karan yana da masu nema, daga mai danga har mai shanu. Amma fegin lambu mai mita 10 tsawo da 10 faɗi kilo 300 yake bukata, daga ɓuntu kimanin tan guda. Wannan kam mai lambu zai iya tarawa a rani ɗaya.

Dabarar tana da iyaka. Arsanik halinsa daban ne, domin gawayi da fosfat suna iya kwance shi maimakon su ɗaure shi, kuma shinkafar da take tsaye cikin ruwa ta fi kowane hatsi jansa. Karan da ya fito daga wurin da ake aiki da zaiba bai kamata a kai shi kusa da wuta ba, saboda zaiba tururi take zama a shaƙe ta. A ƙasar karal, wadda da ma ba ta da tsami, amfanin gawayin bai kai na jigawa ba. Kuma ɗaurin yana iya sassautawa idan aka yi shekaru ana zuba takin yuriya ƙasa ta sake yin tsami. Mafi muhimmanci, ɗauri yana kare tsiro ne. Yaron da yake rarrafe yana sa hannu a baki ƙasar yake haɗiya kai tsaye, kuma tsamin cikin mutum yana narkar da wani kaso na abin da aka ɗaure. Tsakar gidan da aka fasa baturi a cikinta maganinta shi ne irin na Dareta, a kankare a kwashe, ko a daɓe da siminti.

5.0 Batun Aikatau

Yanzu mu koma ga harshe. Kalmar da Turawa suka ƙirƙira wa hanya ta farko a farkon shekarun 1990 haɗi ce ta saiwar Girkanci mai nufin tsiro da ta Latin mai nufin magani. Masu fassara sukan mayar da ita "tsabtace ƙasa da tsirrai". Matsalar tana ga "tsabtace". Bisa rabe-raben da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, wannan aji na 4 ne, wanda sau da yawa yake nuna an yi aiki kaf ba a bar saura ba. Wanda ya ji an tsabtace gona zai fahimci ta koma kamar da. Mun ga lissafin da ya ce ba haka ba ne.

A duba waɗannan jimloli biyu: "rama ta tsotsi guba" da "rama ta tsotse guba". Ta farko aji na 2 ce, tana nuna an ɗebi wani abu daga ciki. Ta biyu aji na 4 ce, ta ce babu saura. Wasali guda ne ya raba su, kuma ta farko ce kaɗai gaskiya. Abin ya fi rikicewa idan wakilin suna ya maye gurbin suna. "Ta tsotse ta" a rubuce tana iya zama ko wanne daga cikin biyun, domin aji na 2 ma yana ƙarewa da -e a gaban wakilin suna. Karin sauti ne kawai yake bambanta su: ƙasa-sama a aji na 2, sama-ƙasa a aji na 4. Tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, mai karanta sanarwa a rediyo shi zai zaɓa, kuma yana iya zaɓar wanda marubucin bai nufa ba. Haka "zuƙa" take. Shawarata ga mai rubuta irin wannan sanarwa ita ce ya guji wakilin suna a wannan gurbi, ya maimaita sunan.

Ga hanya ta biyu na zaɓi "ɗaure", ita ma aji na 4, amma cikarta ba ta yaudara, domin kowa ya san abin da aka ɗaure yana nan da ransa, kuma yana iya kwancewa. Sunayen tsirran kuwa kada ɗalibi ya ƙirƙira. J. M. Dalziel ya tattara na Hausa tun 1916, Henry Tourneux da Yaya Daïrou kuma sun fitar da ƙamusun Fulatancin noma na yankin Diamare a 1998, kuma da su biyun ana iya daidaita sunan Hausa da na Fulatanci da na kimiyya. A matsayin aikin gida, ɗalibi ya rubuta sanarwa ta jimla biyar ga masu lambun bakin Binuwai, wadda za ta ƙunshi "tsotsi" da "ɗaure" da "ragu", ta kuma faɗi a sarari abin da za a yi da karan da aka girbe daga gurɓatacciyar gona: ba a ba dabba, ba a tace tokarsa, ana binne shi a rami mai nisa da rijiya.